Ranar Da Na Mutu a Waya

Har gobe ban manta ranar da aka je gidana ta'aziyyata ina raye ba.

Ni ba likita ba ne, aji huɗu na tsaya a firamare. Aikina a ayarin rigakafin shanu shi ne in riƙe hancin saniya, Likita ya soka allura, in shafa mata jan fenti a gadon baya don kada a maimaita mata.

Wata Laraba da damina muka gama wani garke a Gafasa. Rana ta take, shanu suka kwanta suna tuƙa. Ni ma na miƙe a gindin kuka, na rufe fuska da hula, hannuna duk fenti. Ashe wani mai shafi a intanet ya tsaya da babur ya ɗauke mu hoto. Ya ƙirga duk saniyar da ke kwance a matsayin gawa, fenti ya zama jini. Ya rubuta wai allurar makirci ce ta ƙarar da dukiyar Fulani, har ma'aikacin da ta taɓa ya mutu.

Kafin in koma Gaya, mata sun cika tsakar gidana. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, ka shigo ta baya mana, ka bari su gama."

Washegari Ardon Balan ya aiko cewa kada mu taka rugarsa, alhali ciwon huhu ya shiga garken maƙwabtansa. Likita ya kira ni ofis.

"Sule, mutuwa ka yi ko barci a bakin aiki?"

"Ranka ya daɗe, wanne ya fi sauƙin hukunci?"

"Ka je ka nuna wa Ardo kanka, sai mu yi maganar."

A ƙarƙashin hoton kuwa mutanen Gafasa sun yi wa mai shafin ca. Mai garken ya sa aka rubuta masa cewa gawarwakin sun ba da nono da safe. Wani ya tambayi mai shafin ko ya taɓa ganin mushe yana kore ƙuda da wutsiya. Ya amsa wai an sayi mutanen Gafasa ne da kuɗi.

Duk an karanta wa Ardo wannan, bai motsa ba. Sai da na tsaya gabansa ya murza hannuna, ya shinshina, ya ce, "Fenti ne." Ya hau bayan babur ɗina muka je Gafasa, ya buɗe bakin shanun da kansa. Da la'asar muka yi wa garkensa allura.

Likita bai yafe ba, ya ba ni takardar gargaɗi kan barcin.

To ku sababbin ma'aikata ku riƙe wannan: makiyayi ba ya yarda da waya, ba ya yarda da mu, sai abin da hannunsa ya taɓa. Ku kai shi ya taɓa. In kuma barci ya kama ku, ku wanke hannu tukuna.