Mutumin da ya hana mu cin san walima

Shekara ashirin da takwas Malam Hadi yana buɗe ɗakin gwaje-gwaje na asibitin dabbobi a Birnin Kudu tun kafin mai shara ya iso. Ya wanke 'yan gilasansa, ya ɗiga jinin akuya, ya sunkuya kan madubin hangen ƙwayoyin cuta har azahar. Mukan tsokane shi da likitan da marasa lafiyarsa ba sa godiya. A watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa ina da abin faɗa, don ina cikin waɗanda suka zage shi a zuci a Fagam.

Ranar walimar saukar Alƙur'anin 'yar Alhaji Sada ce. Da hantsi bijimin da aka turke don walimar ya faɗi yana shure-shure, aka yi maza aka sa masa wuƙa kada ya zama mushe, yadda muka gada. Malam Hadi walima ya zo ci kamar kowa. Sai ya dubi jinin: baƙi ƙirin, ya ƙi daskarewa, har ta hanci yake tsiyaya.

"Kada a feɗe," ya ce. "Wanda ya taɓa jinin ya wanke hannu da sabulu."

"Malam, da bismilla aka yanka," in ji Alhaji Sada. "Baƙi tun daga Basirka. Me zan ce musu?"

"Ka ba ni zuwa la'asar, Alhaji. In kuskure na yi, ni zan ba jama'a haƙuri."

Ya ɗebi ɗigon jini a kunnen san, ya hau babur ya nufi ɗakin gwajinsa. Tukwane na tafasa ba nama, mahauci na zaune da wuƙa a cinya. Sau biyu aka ce a feɗe kawai, har sai da Inna Dada, mahaifiyar Alhaji, ta shimfiɗa tabarma tsakanin mahauci da san ta zauna.

Ana kiran la'asar wayar Malam Hadi ta shigo. Ciwon saifa ne, mai kashe dabba ya kashe mai ci. Aka ƙone san, aka binne. Muka ci shinkafa da mai da yaji muna ƙunƙuni.

Kai ne, Malam Hadi, garkuwar garke da gari, ka yarda a ƙi ka don mu rayu. Na ji kunyar zagin nan, ka yafe mini. Mun gode, Allah ya saka. Ku masu gadon kujerarsa, ku koyi cewa a dakata ko da tukunya na kan wuta. Mun fi mutum ɗari biyu a walimar nan, amma rami ɗaya aka haƙa a Fagam a makon, kuma na san nan ne.