Ƙarar da Na Ji Na Yi Shiru

Da safen nan, ina cikin buɗe gareji a unguwar Pumpumre nan Garwa, aka bugo min waya: Hamadu ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hamadu Injekta. Zazzaɓin kwana uku, shi ke nan. Na daɗe a tsaye da kwaɗo a hannu, na rasa abin da zan yi da shi.

Yau kowa zai rubuto cewa amininsa ne. Ni ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Shekara ashirin na yi ina kishin mutumin nan.

Wajen ubangida ɗaya muka koyi kanikanci, marigayi Baba Garba. Na riga shi da shekara huɗu, ni na koya masa riƙon sifana. Sai ga shi ya iya kwamfuta, ya iya wayarin, manyan motocin Garwa duk suka koma ƙofarsa. Ni aka bar ni da kafireta da kunnena.

Abin haushin, bai taɓa ba ni dalilin ƙin sa ba.

Lokacin da aka kwantar da mai ɗakina a asibiti, ya rufe garejinsa kwana biyu ya zo ya riƙe nawa. In ya je garin Yagwa, sai na ga ya aiko min shinkafa gida. In aka kai masa tsohuwar mota, sai ya ce, "Ku kai wa Hamma Sani, kunnensa ya fi kwamfutata." Hamma yake ce min, wato yaya da Fulatanci. Ni kuwa na ɗauka ba'a yake min.

Sai maganar Tsohuwa ta taso.

'Yan gari sun san ta: baƙar motar nan ƙirar Amurka ta gidan marigayi Alhaji Ɗanjuma, mai kwamfuresa a saman inji da ke cusa masa iska. Shekara sha takwas ni kaɗai ke taɓa kafiretarta. Daga bakin titi nake gane lafiyarta. Gaskiya in zafin Afrilu ya kama, sai ta ƙi tashi, ga shan mai kamar rijiya. Amma tawa ce.

Rannan Nasiru, ɗan Alhaji, ya ɗauke ta ya kai wa Hamadu, wai a cire kafireta a sa mata injekta.

Wata biyu yana kanta. Ya sa sabon famfon mai, ya huda salansa ya dasa na'ura, ya ɓoye ɗan akwatin da ke lissafa mai da wuta a ƙarƙashin kujera. Ni kuma wata biyu ina yawo teburin mai shayi ina cewa ya kashe wa motar murya. Ranar da na ji ta tashi da murɗa ɗaya da tsakar rana, ban iya cin tuwo ba.

Larabar da ta wuce ya zo da ita garejina. Ya fito da ƙunshi a tsumma mai tsabta. Kafiretar ce, ya wanke ta tas.

Ya ce, "Hamma, wannan taka ce. Ban ga wanda ya cancanci ajiye ta ba sai kai."

Sannan ya ce in shiga mu zaga, kwamfuta ta ce komai daidai, amma hankalinsa bai kwanta ba sai na saurara.

Muka hau hanyar gada. Da ya taka, kwamfuresa ta ɗauka, sai na ji ta. 'Yar ƙara siririya, kamar tsakuwa a gwangwani. Nan take na gane. Hamadu da man gidan mai ya saita injin, shi kuwa direban gidan Alhaji wanda ake kira zuwa-zuwa yake zuba mata, wato man jarka na garin Mayo-Ulo. Da irin wannan man, wuta kan kama kafin lokacinta. Kafiretata na saba ba ta mai da yawa saboda haka. In aka yi doguwar tafiya a haka, fistin zai narke.

Ya juyo ya ce, "Yaya ka ji ta?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Ka tabbata, Hamma?"

"Na ce maka lafiya."

Ya yi murmushi ya ce, "Useko, na gode. Tunda kunnenka ya ce lafiya, na rufe kwamfuta." Kuma a gabana ya rufe ta.

So nake motar ta lalace a ce aikinsa ne. Abin da ke raina ke nan, ba zan yi masa kwalliya ba. Kullum ina cewa gobe zan je in gaya masa. Goben ce ta zama yau.

Asabar ɗin nan za a tafi da Tsohuwa biki Yagwa. In na ci gaba da shiru, za ta mutu a hanya, garin nan kuma ya ce Hamadu ne ya ɓata ta, alhali ba shi da bakin kare kansa.

Don haka nake rubutawa a nan kowa ya gani. Nasiru, kada a tayar da motar nan. Aikin Hamadu ba shi da aibi, ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Abu ɗaya ya rage, ya tambayi wanda ya sani, aka yi masa ƙarya. Bayan sadakar uku zan zo da kunnena, a samo wanda ya iya kwamfutar, mu ƙarasa masa aikinsa.

Ya Allah ka gafarta wa Hamadu, ka haskaka kabarinsa, ka rufa wa iyalinsa asiri, ka sa Aljanna ce makomarsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa min Allah ya yafe min, don wanda ya kamata in roƙa gafara yanzu za mu je mu kai shi makwancinsa.