Alhaji Gurnani da Barcin Umma

Wata Asabar cikin zafin shekarar 2014, ina 'yar shekara goma, na tsaya a ƙofar maƙwabciyarmu ta sama da faranti cike da cincin ina roƙonta kada ta yi shara. Ba gaisuwa na je ba, cin hanci na kai. Umma ta dawo daga aikin dare a asibiti, ta zube a gado takalmi ɗaya a ƙafa, ni kuma aikina a gidanmu shi ne gadin barcinta. Ummu Walid, wata 'yar Sudan mai fara'a, ta karɓi farantin, ta shafa kaina, ta ce sai bayan la'asar in sha Allah. Ban gama sauka daga matakala ba na ji Alhaji Gurnani ya tashi. Ta ci cincin ɗinmu, ta kuma yi shararta.

Alhaji Gurnani ba mutum ba ne, injin zuƙe ƙura ne, ni na raɗa masa sunan. Gidan da muke haya a unguwar Al-Murabba, a ƙasar Larabawa, tsohon gidan wani attajiri ne da aka raba biyu, mu a ƙasa, su Ummu Walid a sama. Tun sa'ad da aka gina shi aka binne bututu a cikin bango, kowane ɗaki da ɗan bakinsa mai murfi kusa da ƙasa. In za ka yi shara sai ka ɗauko dogon tiyo ka zura a bakin, injin ya tashi da kansa ya zuƙe dattin ya kai cikinsa. Inji ɗaya ne ga gidan duka. Kuma duk faɗin gidan nan ba a ga inda za a rataye shi ba sai a ɗan sito na ƙarƙashin matakala, bango ɗaya da kan gadon Umma.

Ƙaton duro ne na ƙarfe, fentinsa kore da ya gaji da zama kore. A ƙasansa akwai bokitin datti mai maƙalai biyu, a ciki kuma buhun yadi wanda in Abba ya kaɗe shi a tsakar gida sai ya dawo da furfura har a gira. In ya tashi fitilun gida sai su rage haske don ladabi. Kofuna su yi rawa a kabad. Na taɓa rantse wa 'yan ajinmu cewa jiragen sama suna kauce wa unguwarmu saboda shi, kuma har yau ban janye maganar ba.

Dokar gidanmu ɗaya ce: Umma na barci. Ni da ƙanena Anas mun tashi muna tafiya a kan yatsun ƙafa. Mun iya kallon talabijin ba sauti, mun iya faɗa da ido kawai, mun iya jiƙa cincin a baki har ya narke don kada haƙori ya yi ƙara. Amma da zarar Alhaji ya buɗe murya, dokar ta faɗi, tunda barcin dai ya riga ya tafi. Sai mu yi ihu iya ƙarfinmu, mu buga ƙwallo a baranda, Anas ya hau kujera ya yi kiran salla da muryar da babu mai jinta. Mun ciyar da Alhaji shinkafa da safa da haƙorin Anas na farko. Bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.

Ita Umma ba abin dariya ba ne a wurinta. Ƙasan idonta ya yi baƙi. Ta sa wayarta a firiji, ta zuba gishiri a shayi ta shanye ba ta sani ba. Wata rana ta yi sujada ta daɗe, muna cewa addu'a take, ashe barci ne ya ɗauke ta. Da Abba ya dawo daga wurin ginin da yake aiki a Dir'iyya, ƙafafunsa fari fat da siminti, na ji ta ce masa, "Abban Nusaiba, in aka ci gaba a haka zan ajiye aikin nan kafin in ba wani maganin da ba nasa ba." Ko a lokacin na san ma'anar wannan. Iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar, ni da Anas, a kan aikinta take. In ta ajiye, sai haɗa kaya.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mana kai. Matar nan da Alhaji ya hana barci, duk Juma'a bayan an sauko masallaci ita da kanta take jan tiyo ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Ɗakin bai fi a share shi kafin ruwan shayi ya tafasa ba, amma sai ta daɗe har mu gaji da ihu. Muka yanke cewa tana so ne ta zuƙe furannin da ke jikin kafet.

Abba ya ɗauki hoton injin a waya, ya tafi da ni shagon masu sayar da irinsa, don Larabcina ya fi nasa. Nasa na wurin gini ne, yalla da halas da mafi mushkila. Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya duba hoton, sunan da ke jikin ƙarfen ya goge, sai ya shiga tambaya ina fassarawa. Ƙarfe ne ko roba? Buhun yadi ne ko na takarda? Yana da fitila? In ya tashi ana jin magana a kusa da shi? Na ce ko aradu ba a ji. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ya girme ki, ya kusa girme babanki. Irinsu ba sa mutuwa, sai dai su kashe maƙwabta." Sannan ya nuna mana na zamani, fari, na roba, cikinsa lulluɓe da soso mai shanye ƙara, da 'yar fitila shuɗiya da ke nuna buhu ya cika. Na tambaye shi yaushe zai kunna mu ji. Ya ce ai tun ɗazu a kunne yake. Nan take na sa masa suna Ustazu.

Sai da Abba ya sha gahawa a falon mai gidan haya har cikinsa ya ƙi, sannan mai gidan ya yarda a canja. Ranar da aka sauke Alhaji, ƙarti suka fitar da shi suna nishi, Anas ya bi su har ƙofa yana kuka da Larabci. Ustazu kuwa da hannu ɗaya aka shigo da shi. A makon nan Umma ta yi barcin da har na riƙa leƙawa in ga ko tana numfashi. Ummu Walid ta yi ta shararta safe da rana, babu wanda ya kai mata cincin. Mu ne muka yi asara. Babu sauran lokacin ihu, gida ya zama kamar ɗakin jarrabawa.

Juma'a ta zo. Umma ta ja tiyo ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa kamar kullum. Ustazu ya fara 'yar shaƙar iskarsa. Muna zaune a falo, sai muka ji wani sauti da ba na inji ba. Kuka ne, irin na babban mutum, mai fitowa daga ƙirji. Cikin kukan na ji tana cewa, "Inna, na gaji. Wallahi na gaji." Inna kakarmu ce, ta rasu a Gusau muna nan, Umma ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ta saba da Alhaji ne, ba ta tuna an canja shi ba. Ashe duk shekarun nan ba kafet take sharewa ba.

Anas ya kalle ni, na kalle shi. Ban san me ake cewa ba. Abin da na iya shi na yi. Na shiga kicin na ɗauko babbar tukunya da ludayi, na miƙa masa murfi biyu, na ƙure sautin talabijin. Muka yi hayaniyar da ko Alhaji zai yi alfahari da ita. Muka buga har hannuna ya yi tsami, har Ummu Walid ta fara dukan ƙasa daga sama.

Can Umma ta fito, idonta jawur. "Ƙura ce ta shiga mini ido," in ji ta, alhali babu wanda ya tambaye ta. Ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta daɗe. Sai ta ce, "Ku dai ba ku barin mutum ya huta a gidan nan." Amma ba ta karɓe ludayin ba. Juma'ar da ta biyo baya ma da na shiga kicin, na tarar da tukunyar a sauke daga saman kabad, inda hannuna zai kai.

Yanzu ina da shekara goma sha biyar. Mun koma wani ɗan gida a Al-Shumaisi, babu bututu a bango, sai wani siririn inji da ake cajinsa kamar waya, wanda ƙwayar shinkafa ma sai ya yi shawara kafin ya haɗiye. Umma ta koma aikin rana, tana barci kamar kowa. Anas ya yi girman da ba ya buga murfin tukunya. Ni dai har yanzu in Juma'a ta yi, na ga ta rufe ƙofa, sai in ƙara sautin talabijin, a yi ta cewa ba ni da natsuwa. Wani lokaci nakan tuna Alhaji, ko yana wane juji yanzu. Ya hana Umma barci, amma bai taɓa tona mata asiri ba.