Illo Ya Ce Jibiya

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin tabkin Madarumfa ya san Illo masunci. Siriri ne, ga taurin kai. In kifinsa ya kwana, sai ya ce maka ya kwana, ko da za ka wuce wurin na gaba. A gabansa a yabe shi, a bayansa a ce wauta ce.

Matarsa Jamila 'yar wani ƙauye ce kusa da Jibiya, tsallaken iyaka. Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta suka zo suka ɗauke ta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace ɗiya. Ta haifi Zahara'u a ɗakin uwarta, ta gama wanka ta dawo. Don Allah, wa ya taɓa kiran wannan fita ƙasar waje?

Shekarar da za a sa yarinyar lakkwal, wato makarantar boko, aka zo gari yin takardun haihuwa. Iyaye suka yi layi. Duk wanda aka tambaya inda aka haifi ɗansa sai ya ce Madarumfa, har da waɗanda kowa ya san a Katsina aka yanke musu cibiya. Da aka zo kan Illo, ya ce, “Wajen Jibiya.”

Magatakarda ya ɗago kai. “Malam, ka tabbata?”

“Ƙarya zan yi maka?” in ji Illo. Aka rubuta.

Zahara'u kuwa Allah ya ba ta kai. Ta taya uwarta ƙyafe kifi, ta yi karatu da ƙaurin hayaƙi a jikin littattafanta, har ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. A shekarar wata makarantar koyon aikin jinya a Maradi ta keɓe gurbi biyar don 'yan matan karkarar Madarumfa, tunda kullum 'ya'yan birni ke cinye wuri. Aka yi jarrabawa, Zahara'u ta zo ta biyu. Illo ya rabar da kifin ranar sadaka.

Da sunaye suka fito, babu nata.

Illo ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi Maradi. Ma'aikacin da ya tarar mutumin kirki ne, har kujera ya ba shi, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

“Baba, wurin nan na haifaffun Madarumfa ne. Ga takardarta, Najeriya ta ce.”

“Kwana arba'in ta yi can! Tun daga nan ruwan tabki take sha!”

“Na yarda, Baba. Amma takarda nake bi.”

Wadda aka ba gurbin ɗiyar wani ma'aikacin duwan ce, wato kwastan. An haife ta Ɗan Issa, cikin yankin Madarumfa, lokacin da ubanta ke aiki can, tana wata huɗu suka koma Yamai, ba ta sake takowa ba. Illo bai ga laifin yarinyar ba. Ita ma takardarta gaskiya ta faɗa.

Nasiru, kawun Zahara'u, ya ce a kawo ta Najeriya mana, tunda can aka haife ta. Can kuma aka ce asalin uba ake bi, uba kuwa ɗan Nijar ne. To, kun ji! Nan an bi mahaifa, can an bi uba, yarinya ta tashi babu ko ɗaya. Lokacin sake takarda kuma ya wuce, tunda da tsohuwar takardar ta ci bak.

Zahara'u ba ta yi kuka a gabansa ba. Sau ɗaya tak, tana wanke masa koma, ta ce, “Baba, me zai rage ka da ka ce Madarumfa?” Maganar nan ba ta bar Illo ba.

Bara Zahara'u ta auri wani ɗan uwanta a ƙauyen su Jamila. Bana ga ciki. Jamila ta tara itacen wanka bayan ɗaki, ta share gado, ta ce a je a ɗauko ta goyon ciki.

Illo ya ce a'a.

“Ɗiyarka ta fari, haihuwarta ta fari, ka hana ta ɗakin uwarta?”

“Uban ɗan na can, a haife shi can. Ya tashi da ƙasa guda.”

Jamila ta yi kuka har ta gode Allah. Gari ya ce tsufa ya busar wa Illo da zuciya. An haifi mace ranar Talata, a hannun suruka. Itacen na nan bayan ɗaki, kullum ta gabansa Illo ke bi in zai tafi tabki.