Rigar Kawuna da Ba Ta Yi Wa Kowa Ba

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a kwaleji a Gusau, ƙiba ta sauko mini kamar an aiko ta. Cikin 'yan watanni wandunana suka daina rufuwa. Duk wanda na gamu da shi sai ya taya ni murna. Abokina ma ya koma ce mini Alhaji, ni da tafiyata mafi nisa a duniya ita ce Tsafe.

Abin da ba wanda ya gani shi ne zuciyata ta mutu murus. Ba na son magana, ba na son fita, na daina shiga aji. Ci kawai nake yi, shi ma ba don daɗi ba. Saura wata biyu jarrabawar ƙarshe, amma na riga na yanke a raina ba zan zauna ba. To wa zan gaya wa? A wurinmu mai ƙiba shi ne wanda hankalinsa ya kwanta. Sau ɗaya na gwada, abokina ya dubi tumbina ya yi dariya.

"Kai ne cikin damuwa? To mu ramammu mi za mu ce?"

Daga nan na ja bakina, na koma zargin kaina da butulce wa Allah.

Da Babbar Sallah na je gida Rawayya. Telanmu ya yi mini ɗinki da tsohon awo, riga ta tsaya a kafaɗa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Inna, mahaifiyata, ta buɗe akwati ta ciro babbar rigar yayanta, wanda ya rasu ina ƙarami. Tun rasuwarsa take ajiye, domin ba ta yi wa kowa ba a dangi. Abin da na sani game da kawun nan ɗaya ne: raggo ne. Ya bar gonarsa ta koma saura, ya zauna a zaure. Da sunansa ake yi mana faɗa idan mun ƙi aiki.

Na sa rigar, ta zauna mini cif.

Bayan idi kowa ya fita gaishe-gaishe, ni kuwa na samu lungu a zaure na zauna ina kallon bango. Ban san Inna ta daɗe tsaye a kaina ba sai da na ji muryarta.

"Haka ya fara. Nan wurin, cikin rigar ga. Ɗana, mi ke damunka?"

Ita ce ta farko da ta tambaya ba da zolaya ba. Na yi kuka, ƙato da ni, na faɗa mata har maganar jarrabawa. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ana gama hutun Sallah ta yafa mayafinta ta sa ni gaba zuwa asibiti a Gusau.

Likitan ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaya ko an taɓa samun mai irin wannan a dangi. Inna ce ta amsa. Ya ce ciwon damuwa ne, kuma a wasu gidaje shi da ƙiba sukan biyo jini tare, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Amma gado ba hukunci ba ne, in ji shi, ana magani a samu sauƙi. Ya rubuta mini magani, ya sa mini ranakun dawowa mu tattauna, ya ce in riƙa tafiyar ƙasa kullum da safe.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, amma na zauna jarrabawar. Na ci da kyar, kuma har yau ba takardar da nake so kamar ta wannan jarrabawar.

Idan na tuna, abin da ya fi tsaya mini shi ne hanyarmu ta komawa gida ranar. Ni na ji kamar an sauke mini buhun gero daga kai, don na san ba butulci ba ne. Inna kuwa sai da muka kusa isa Rawayya sannan ta ce a hankali, "Ashe ba raggo ba ne. Allah Ya gafarta muna."

Rigar ta ɗan yi mini yawa yanzu, amma ita nake sawa duk Sallah. Kuma tun daga ranar ba a sake yi wa yaro faɗa da sunan kawu a gidanmu ba.