Darasin Amurka a Makon da Aka Kama Yayana

Shekarar da muka dawo Mubi daga gudun hijira, ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandare a Lokuwa. Rabin ajin ba su dawo ba, waɗanda suka dawo ɗin ma ba sa son zama kusa da taga.

Mu huɗu ne a gida: ni, da mahaifiyarmu da muke kira Dada, da yayana da nake kira Hamma, sai matarsa mai tsohon ciki. Hamma keke napep yake ja. Wata ranar kasuwar shanu, wasu masu kaki suka tare hanya suka kwashe duk namijin da suka samu, wai an ba su labarin akwai baƙin fuska a gari. Wani mahauci ne ya turo mana keken har ƙofar gida. Ba wanda ya gaya mana laifin Hamma, sai da muka sha yawo kafin mu san inda ake tsare da su.

A makon nan ne manhaja ta kawo ni kan asalin gwamnatin Amurka, tunda daga can muka aro tsarin shugaban ƙasa. Na daɗe ina koyar da shi kamar hadda. Yankuna goma sha uku ne a ƙarƙashin sarkin Ingila, ana ɗora musu haraji ba a jin bakinsu, jami'an sarki suna shiga gidaje su yi bincike yadda suka ga dama. Suka yi yaƙi suka ƙwaci kansu, suka rubuta kundin tsarin mulki, suka raba iko gida uku don kada ya taru a hannun mutum ɗaya. Daga baya suka ƙara haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ciki har da cewa wanda aka kama a faɗa masa laifinsa, a kai shi gaban alƙali ba da ɓata lokaci ba. Ina cikin rubuta wannan a allo na ajiye allin. Sai a ranar na gane cewa mutanen da suka rubuta shi sun taɓa jin irin tsoron da nake ji. Na ce wa ɗalibai su kwafa, na fita na tsaya a bayan aji.

Da yamma Dada ta ga idona, ta tambaye ni, na kwashe darasin na faɗa mata. Ta saurara tana tsince wake. Ta tambaya ko dokar ta haɗa kowa da kowa. Na ce a'a, wasu daga cikin marubutan ma suna da bayi, kuma an daɗe ana wahala kafin ta kai ga bayin da jikokinsu.

"To mu fa," in ji ta, "tamu ta iso Lokuwa, ko tana hanya?"

Washegari na tafi ƙofar wurin da ake tsare da su Hamma, na samu wani jami'i, saurayi ɗan Kudu, idonsa ja don rashin barci. Na gaya masa kundin ƙasarmu ma ya hana a riƙe mutum haka ba tare da kotu ba. Bai yi mini tsawa ba.

"Malama, na san abin da ke ciki, ni ma na yi makaranta," ya ce. "Abokaina biyu aka kashe a hanyar nan. Ki je ki zo da manya."

Na dawo ina jin haushinsa, ina kuma tausayinsa. Mai unguwarmu ya nemi liman da faston cocin da ke bayanmu, domin kamen bai tambayi addinin kowa ba. Kullum da hantsi dattawan nan uku sukan je su zauna a gindin darbejiyar da ke gaban ƙofar, su gaisa da masu gadi, su faɗi sunayen 'ya'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Wata lauya 'yar Michika kuma ta kai maganar kotu. Har yau ban san wanne ne ya buɗe ƙofar ba.

Bayan makonni aka saki Hamma, ba tuhuma, ba ban haƙuri. Ya tarar matarsa ta haihu, har an yi suna. Ya rame sosai. Ya karɓi jaririyar ya daɗe yana kallonta, sannan ya nemi ruwan wanka. Bai taɓa ba mu labarin zamansa a tsare ba. Da lauyar ta ce yana da haƙƙin neman diyya, sai ya yi mata godiya ya ce a bar maganar. Kafin damina ya sayar da keken, ya kwashi iyalinsa suka koma Belel, inda yake noma da ɗan fataucin gyaɗa.

Ba duka aka saki ba. Ɗan maƙwabciyarmu, wata mai sayar da ƙosai, yana cikin waɗanda ba a sake ganinsu ba. Shari'arsa tana kotu, ana ta ɗagawa. Duk ranar zama takan ɗaura zanenta na coci ta biyo mini, don ba ta jin Turancin da ake yi. Nakan zauna kusa da ita, ina faɗa mata a kunne abin da alƙali ya ce.