Teburin da na shirya wa Baba

Edita, a lokacin ni tela ce a Gwadangaji, ban kai talatin ba, kuma ina da rawar kai, duk abin da na gani a waya ya burge ni sai na gwada. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, mutumin Argungu, mai barkwanci, wanda in yana gida har maƙwabta sun sani. Bayansa gidan ya yi tsit. Inna ba ta zancensa, hotonsa ma ta sa shi a ƙasan akwati. Abin yana ci mini rai, har nakan ce a zuciyata matar nan ta manta da shi.

Rannan ina jiran mai karɓar ɗinki sai na ci karo da bidiyon mutanen ƙasar Meziko a ranar da suke tuna mamatansu. Wallahi sai da na ajiye almakashi. Teburi cike da furanni ruwan goro, ga kyandir, ga hoton mamaci, ga abincin da ya fi so, iyali sun zagaye suna ba da labarinsa suna dariya. Dariya fa! Na kalla ya fi sau goma, murna ta hana ni zama. Na ce wannan shi ne maganin gidanmu. Ban shawarci kowa ba, don so nake na ba Inna mamaki.

Na saci hoton na kai aka ƙara masa girma. Na shiga mota har Argungu na sayo kifi giwan ruwa, na gasa da yaji kamar yadda yake so, na tuƙa tuwon shinkafa, na haɗa da farin goro. Furanni kuwa da kaina na yanka su daga ragowar atamfa. Na jera komai a falo, na kunna kyandir goma sha biyu da rana tsaka, na tsaya ina yaba kaina.

Inna ta dawo daga barka a unguwar Nasarawa, ashe tare take da Gwaggo, yayar Baba. Gwaggo ce ta fara ɗaga labule. Ta yi salati, ta ja da baya, ta ce, “Ke, wanga mi na? Tsafi munka koma yi cikin gidan ga?” Na hau bayanin Meziko, ta ce ko daga ina na kwaso shi, a nan mai ajiye wa mamaci abinci sunansa ɗaya, matsafi. Ni duk wannan bai dame ni ba, Inna nake kallo. Idonta na kan hoton, ta zame ta zauna a ƙasa. Ko ranar jana'iza ban ga ta yi irin kukan nan ba.

Gwaggo ta hure kyandir, ta sa aka fitar da abincin sadaka. Sati uku Inna ba ta haɗa ido da ni ba, gaisuwa kawai take amsawa, kuma wannan ya fi mini duka zafi. Ranar da na durƙusa na ba ta haƙuri, na faɗa mata tsoro nake kada mu manta da shi. Sai ta ce, “Ɗiyata, na ɓoye hoton ga ne don in iya tashi in yi muku tuwo.”

Har yau al'adar mutanen nan tana burge ni, a wurinsu gari guda ne ya san ma'anarta. Laifin nawa ne, na ɗauko teburinsu na dasa a gaban matar da ban taɓa tambayar yadda take ji ba. Yanzu addu'a muke yi masa tare, wani lokaci ta ba ni labarinsa har mu yi dariya, amma sai ita ta fara. 'Yan'uwa, kafin ku shirya wa wanda ya tafi wani abu, ku tambayi wanda ya bari. Na ɗauka shirun Inna mantuwa ce, ashe da shi take tsaye.